Baƙin Gari a Gonar Dubagari

Shekara talatin da uku Dubagari ya yi yana leƙa randunan mutane, yana ɗaga murfin kwata, yana rufe shagon mai abinci in ya ga ƙuda ɗaya ya sauka inda bai kamata ba. Ranar da ya yi ritaya unguwa ta yi ajiyar zuciya, amma gidansa ya shiga uku. Duk binciken da yake raba wa gari guda sai ya tattaro shi ya sauke a kan mace ɗaya, matarsa, wadda yaro da babba ke kira Goggo.

Da safe zai shafa yatsa a bakin taga ya duba. Zai ɗaga cokali ya kalli bayansa a hasken rana. In jika ya zo da gudu zai rungume shi, sai ya tare shi da tambaya, "An wanke hannu?" Goggo ta daure wata huɗu. A na biyar ta tuna masa da gonar da ya saya tun yana aiki, can bayan gari, wadda ta yi iyaka da ta ƙanenta Dogo, aka bar wa ciyawa.

"Malam, mutum kamarka a ce gonarsa ta zama juji? Me mutane za su ce?"

Kalmar juji ita ta gama aikin. Washegari ya hau kekensa ya tafi, Goggo ta samu ta sha shayinta ba wanda ya leƙa mata kofi.

Sai dai ba ta hango abin da zai yi wa gonar ba. Dubagari ya ɗauke ta tamkar tsakar gida. Ya share ta tas da tsintsiya. Duk kara, duk ganye, duk wani busasshen abu sai ya tara ya cinna masa wuta. Da Dogo ya kawo masa takin awaki cikin amalanke, kyauta, sai ya toshe hanci ya ja da baya.

"Kashin dabba? A inda zan shuka abin da zan sa a bakina? Dogo, juya da abinka tun muna shaida juna."

Takin zamani kaɗai ya yarda da shi, don fari ne fat, kuma a ɗinke yake zuwa cikin buhu. Shekarar farko masara ta yi ba laifi. Ta biyu ta rage tsawo. Ta uku kuwa, goyon da ta yi bai fi babban yatsa ba. Ƙasar ta yi fari, ta taurare kamar daɓen siminti, in an yi ruwa sai ya bi ta kanta ya wuce gonar Dogo.

Goggo 'yar manomi ce, a kan kunyoyin gona ta koyi tafiya. Takan damƙi ƙasar gonarsu ta shinshina, ba ta jin ƙamshin komai. Ta tsallaka ta damƙi ta ƙanenta, baƙa, mai laushi, ga tana tana mutsu-mutsu a ciki. Ta faɗa wa mijinta ƙasar nan yunwa take ji. Ya ce ƙasa ba ta da ciki balle ta ji yunwa. Ta ajiye maganar a ranta.

Gab da faɗuwar damina ta huɗu autarsu ta zo hutun ƙarshen mako. Auta tana aiki ne a ɗakin gwaje-gwajen ƙasar noma, kuma ita kaɗai ce a duniya uban ke saurara har ta kai aya. Ta zaga gonar, ta ɗebi ƙasa a 'yan ledoji, tasu da ta kawunta. Da suka dawo gida ta ce bana a bar masara ta huta, a shuka waken suya. Dubagari ya gyaɗa kai. Sai ta buɗe jaka ta fito da wani ɗan ƙunshi da bai fi tafin hannu ba, cike da baƙin gari mai laushi kamar kwalli.

"Wannan za a shafa wa irin kafin a shuka, Baba. Wasu ƙananan halittu ne a ciki, masu rai, ido ba ya ganinsu. Suna shiga saiwar waken su yi gida, su riƙa jawo masa abinci daga iska, irin abincin nan da kake saye a buhu."

Dubagari ya janye ƙafarsa daga kusa da teburin.

"Masu rai?"

"Eh, Baba."

"Ido ba ya ganinsu?"

"Sai da na'ura."

"Su nawa ne a ciki?"

"Miliyoyi."

Ya miƙe tsaye. "Wato ƙwayoyin cuta kika ɗauko a jaka, kika shigo mota da su, kika ajiye mini a kan teburin da nake cin abinci."

"Ba na cuta ba ne, Baba. Ai ba duka suka taru suka zama ɗaya ba, akwai masu amfani."

"Shekara talatin da uku ina fama da su, ban taɓa haɗuwa da na kirki ba."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko awartaki, ya cafki ƙunshin ta gefe, ya riƙe shi nesa da jikinsa kamar mataccen ɓera. Goggo ta tashi da sauri, fuskarta cike da ladabi.

"Haba Malam, da girmanka? Kawo in je in jefa a rami."

Ramin da ta jefa shi kuwa bayan randa ne, inda ke da sanyi da inuwa. Kafin Auta ta koma, ta ja uwar gefe a kicin ta raɗa mata yadda ake yi: a jiƙa irin da ɗan ruwan sukari don garin ya manne, a cakuɗa a inuwa, kada rana ta taɓa shi, a shuka a ranar. Ta kuma ce garin ba zai isa fiye da rabin irin ba.

Kwana uku Goggo tana juya wannan magana ta rabi. Dama Dubagari ya ja igiya ya raba gonar biyu, ya ce bana kowa ya riƙe ɓangarensa, tunda ta dame shi da cewa ta fi shi sanin ƙasa. Abu mai sauƙi shi ne ta shafa wa nata irin, nata ya fi kyau, ta yi masa dariya. Amma ta san mijinta. Zai ce ɓangarenta ne ya fi samun ruwa, ko Dogo ne ke zuba mata ƙazanta a ɓoye. Mutumin nan ba ya karɓar gaskiya daga hannun wani. Amma in abu ya fito daga hannunsa, ko alƙali bai isa ya raba shi da shi ba. Da ta zo nan a tunaninta sai ta yi murmushi ita kaɗai, har maƙwabciya da ta shigo aron turmi ta tambaye ta ko lafiya.

Ranar shuka ta fito da roba biyu. Ɗaya iri ne fari sol yadda aka sayo shi. Ɗayar kuwa baƙi ƙirin. Ta tura masa baƙin.

"Mene ne wannan?"

"Garin gawayi ne, Malam, saboda tururuwa da tsuntsaye. Ɗan kaɗan na daka, bai isa duka ba, na ce gara a sa wa naka."

Ya sunkuya ya duba, ya ɗan yi nazari.

"Gawayi abu ne mai tsafta. Duk abin da ya ratsa wuta ba ya ɗauke da cuta. Kin yi tunani."

"A gidanka na koya."

Haka Goggo ta tsaya a ɓangarenta, sungumi a hannu, tana kallon tsohon dubagari yana cusa hannunsa tsirara cikin miliyoyin abokan gabansa, yana damƙo su, yana jefawa a rami, yana rufewa da diddige cikin natsuwa. Har ya share zufa da bayan hannun, ya bar baƙin zane a goshi. Dole ta juya baya ta yi kamar tari ya sarƙe ta.

Dogo kaɗai ta faɗa wa, shi ma don ya ritsa ta tana dariya a gindin bishiya ne. Da ya ji, sai da ya zauna a ƙasa daɓas.

"Yaya, ba ki da kirki. Wallahi ba ki da kirki."

"In ka buɗe baki sai na faɗa wa matarka inda akuyarta mai jan wuya ta shiga."

Dogo ya rufe baki da hannu biyu.

Sati shida da shuka, ko makaho ya shafa zai san inda igiya ta bi. Ɓangaren Dubagari ya yi kore shar, ganye ya haɗe har ba a ganin ƙasa. Na Goggo ya tsaya tsamo-tsamo, ganyen ya yi ɗorawa-ɗorawa kamar mai jinya. Dubagari ya canza tafiya. Yakan jingina kekensa a bakin hanya, ya goya hannu a baya, ya tsaya inda duk mai wucewa zai gan shi tare da wakensa.

"Kada ki damu," ya ce mata wata safiya, cikin muryar lallashi. "Noma ilimi ne. Ba a gadonsa kamar tukunya."

"Haka ne, Malam. Mu dai a riƙa haƙuri da mu."

Dogo yakan leƙo ta kan iyaka, fuska a murtuke don kada dariya ta kufce. "Yallaɓai, don Allah mene ne sirrin? Mu ma mu samu mu tsira."

"Abu biyu ne, Dogo. Shara da gawayi. Ka share gonarka, ka ƙone datti, ka shafa wa iri gawayi. Ƙasa in ta samu tsafta sai ta saki jiki."

"Ikon Allah. To ita Yaya ai a share tata take."

"Ba ta samu gawayi ba. Ka riƙa saurara in ana magana."

Goggo ta sha daɗin waɗannan makonni fiye da yadda za ta iya faɗa. Sai dai wasan ya fara fin ƙarfinta. Masu wucewa suka fara tsayawa da gaske. Wani ya zo da littafi yana rubutawa. Mai sayar da gawayi na bakin kasuwa ya tare ta yana godiya, wai an fara zuwa neman gari-garin da da zubarwa yake yi. Sannan shugaban ƙungiyar manoman yankin ya aiko cewa ranar Asabar za su taru a gonar Dubagari, ya koya musu hanyar gawayi.

Nan gaban Goggo ya faɗi. Ita so take ta kama shi a cikin gida, daga ita sai shi sai Auta, ta ɗan ja shi kwana biyu. Ba ta shirya a tara masa maza arba'in ya koya musu ƙarya ba, su je su gwada, baɗi su dawo suna nuna shi da baki. Tana da niyyar faɗa masa ranar Laraba, sai ta gan shi yana goge takalmi yana gwada jawabi a gaban madubi, ta fasa. Ta ce gobe.

Goben ce ta zo da nata. Da hantsi Goggo na tsakar gida tana shanya, sai ga Dubagari ya faɗo gidan, ya yar da keke a ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Ya shige ɗaki, ta ji yana jan tsohuwar akwatinsa. Ya fito da hular aikinsa a ka, safar hannu har gwiwar hannu, ya ɗauki galan ɗin kananzir da ashana.

"Malam, lafiya?"

"Ba lafiya. Annoba ce."

Ya buɗe wata leda ya nuna mata daga nesa. Tushen wake ne da ya tono don ya nuna wa mutane ranar Asabar. Saiwar duk ta yi wasu 'yan ƙwallaye, gudaji-gudaji, sun manne mata kamar ƙuraje.

"Na tono goma a ɓangarena, duk haka suke. Na tono naki, ƙalau, sai ɗaya-ɗaya. Ciwon a nawa yake. Kyawun ganyen nan duk kumburi ne." Ya ɗaure bakin ledar. "Kafin ya tsallaka gonar Dogo da na sauran mutane, zan tuge shi duka in ƙone."

"Duka? Waken naka?"

"In annoba ta shigo ba a tambayar na wane ne."

Ya ɗaure galan a bayan keke ya fita. Goggo ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu. Ta san abin da waken nan yake a wurinsa, ga shi zai cinna masa wuta saboda gonakin mutanen da ko gaisuwar kirki ba sa yi masa. Ta yar da zanen, ta figi mayafi, ta tare mai babur a bakin titi.

Ta same shi ya riga ya zagaye gonar da igiya, ya rataya kwali an rubuta BA SHIGA. Ya tuge kunya ɗaya da rabi ya tara. Dogo na tsaye a kan iyaka yana ta roƙonsa ya dakata, ya rasa yadda zai yi bayani ba tare da ya tona asirin yayarsa ba.

Goggo ta ɗaga igiyar ta shiga.

"Ke! Ba ki ga rubutu ba?"

"Malam, ajiye galan ɗin nan. Ba gawayi ba ne."

"Mene ne ba gawayi ba?"

"Abin da na shafa wa irinka. Garin Auta ne. Ban jefa a rami ba."

Dubagari ya dubi matarsa, ya dubi waken, sannan a hankali ya ɗaga hannayensa ya zuba musu ido, duk da suna cikin safa.

"Da hannuna na shuka su?"

"Da hannunka."

"Ba safa?"

"Ba safa, Malam. Har ka shafa a goshi."

Wani sauti ya fito daga hancin Dogo. Ya juya da sauri ya durƙusa yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

"Sati bakwai ke nan," in ji Goggo, ta sassauta murya. "Ko atishawa ka yi?"

Ta ciro waya ta kira Auta, ta buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji. Da Auta ta gane abin da ake ciki sai ta yi salati.

"Baba, don Allah kada ka ƙone! Ƙurajen nan su ne gidajen da na faɗa maka. Ciro ɗaya ka fasa da farce. In cikinsa ja-ja ne, to suna aiki, lafiyarsu ƙalau."

Dubagari ya ƙi sa farce. Ya ciro reza daga aljihu, ya ɗora ƙwallon ɗaya a kan ganye, ya tsaga shi biyu kamar mai fiɗa. Cikin ya fito ja-ja, launin cikin leɓe. Ya tsaga na biyu, ya tsaga na uku. Ya daɗe a tsugune.

"Ban yarda da abin da ban gani ba," ya ce daga ƙarshe. "Gobe zan zo wurin aikin naku."

Ya ɗaure galan ya hau keke ya tafi, bai ko kalli Goggo ba. Ita da Dogo suka mayar da abin da zai mayu na waken da ya tuge.

Washegari suka shiga mota tare, amma ya zauna can jikin taga, ya ajiye ledar saiwoyi a tsakaninsu. Ɗakin gwajin ya burge shi tun daga ƙofa: farar riga, farin tebur, famfon wanke hannu a kowace kusurwa. Ya shafa yatsa a kan kanta ya duba, ya gyaɗa kai. Auta ta matse ƙwallo ɗaya a kan ɗan gilashi, ta ɗiga masa wani ruwa mai launi, ta saka a ƙarƙashin na'urar da ke ƙara wa abu girma, ta ja masa kujera.

Ya kafa ido ɗaya. Minti biyar bai ɗago ba.

"Duk waɗannan a ɗaki guda suke?"

"A ƙwallo ɗaya, Baba."

"Cunkoso ya yi yawa. Ba taga, ba komai." Ya sake leƙawa. "Me suke ci?"

"Waken ne ke ba su abinci, su kuma su ba shi taki. In an girbe, abin da ya rage a ƙasa masarar baɗi ta samu."

"Wato haya suke biya."

"Kusan haka."

"To, sun fi wasu mutanen da na sani."

Auta ta ɗauko wasu faya-fayan gilashi guda biyu masu murfi. Ta ce ƙasar da ta ɗiba kwanaki ce ta gwada, don a ga abin da ke raye a ciki. Na farko ya cika da ɗigo-ɗigo, fari da rawaya, har da wani abu kamar auduga. Na biyu kusan wayam, ɗigo uku ko huɗu.

"Wannan na Kawu ne. Wannan kuma naka."

Dubagari ya gyara zama, fuskarsa ta washe karo na farko tun jiya. "Kin gani ko? Tsafta ba ta ɓuya."

"Baba, wannan ba tsafta ba ce. Kufai ne. Masu aikin ne suka watse, don duk shekara kana ƙone musu abinci. Su ne ke ruɓar da kara ya koma taki, su ne ke sa ƙasa ta yi laushi ta riƙe ruwa. Akwai miyagu a cikinsu, ban ce babu ba, amma in na kirki sun cika wuri, miyagun ba sa samun masauki."

Ya kalli faifan nasa ya daɗe. A hanyar dawowa ya ɗauke ledar daga tsakaninsu ya ɗora a cinya.

Ranar Asabar mutane suka cika bakin gonar. Goggo ta tsaya a baya kusa da ƙanenta, har lokacin kuwa bai gaya mata abin da zai faɗa ba. Dubagari ya fito da takalmi yana ƙyalli, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, maganar gawayi a ajiye ta. Na faɗe ta ne kafin bincike ya kammala." Ya ɗaga tushen wake sama. "Abin da kuke gani a gonar nan gwaji ne. An raba ta biyu da gangan. An sa wa wannan ɓangare wasu ƙananan ma'aikata, an hana wancan, don a ga bambanci. Ita maiɗakina ita ta sadaukar da nata ɓangaren saboda ilimi. A yaba mata."

Aka juyo ana tafa wa Goggo. Ta sunkuyar da kai kamar mai kunya, tana cizon gefen mayafi.

"Yallaɓai," in ji Dogo da ƙarfi, "wa ya tsara gwajin?"

Dubagari ya dube shi ta saman tabarau. "A gidana aka tsara shi, Dogo. Akwai wata tambayar?"

Babu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsaga ƙwallaye da reza yana nuna musu jan ciki, yana maimaita bayanin Auta kamar shi ya haife shi, wanda in an bi ta wani fannin haka ne. Da aka watse ya zo ya wuce ta gaban matarsa, ya ce ƙasa-ƙasa, ba tare da ya tsaya ba, "Mun yi ɗaya da ɗaya."

Aka yi girbi, nasa ya kusa ninka nata. Bai ƙone ko ganye ɗaya ba. Ya sa aka haƙa rami a gefen gona, ya ce a nan za a riƙa tara kara da harawa da ɓawon kayan miya. Da kansa ya je wurin Dogo neman takin awaki, hanci ɗaure da hankici, Dogo kuwa sai da ya sa shi ya maimaita roƙon sau biyu, wai kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. Hukuncin Goggo shi ne ita za ta riƙa kawo ɓawon daga gida kullum, a bokiti mai murfi.

Bayan sati biyu da cika ramin, ta iso da bokitinta da safe ta same shi a durƙushe, ya cusa hannu cikin tarin har wuyan hannu. Ya juyo, hankali a tashe.

"Zo ki ji. Zafi rau! Tun jiya nake zargin haka. Zazzaɓi suke yi."

Goggo ta ajiye bokitin ta taɓa. Ɗumi ya ratsa tafin hannunta, ga wani ƙamshi na tasowa irin na ƙasar gonar mahaifinta bayan ruwan farko.

"Aiki suke yi, Malam. Kai ma lokacin da kake zaga gari ai kana zufa."

"Kin tabbata? Kada mu yi sakaci."

"Kira Auta ka ji."

Ya kira. Auta ta yi dariya har sai da ya nisanta wayar daga kunne, ta ce haka ake so, a dai riƙa juyawa ana yayyafa ruwa. Ya kashe wayar, ya ɗebo busasshiyar ciyawa ya lulluɓe tarin a hankali, har yana danna gefe-gefe.

"Duk da haka," ya ce, "kada iska ta buge su."

Goggo ta juye ɓawon, ta ɗauki bokitinta. Ya turo keken a hannu, suka kama hanyar gida a ƙasa, yana yi mata bayanin yadda ake juya taki, tana cewa, "To, Malam."